Yadda Za A Shirya Yaro Don Amsa Tambayoyin Masu Ɗaukar Aiki

Zuwa ga Hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasashen Batsari da Safana.

A zamanin En'e, idan ana neman malamin haraji ko ɗan doka, sau da yawa shaidar Hakimi takan isar wa yaro. Amma tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, al'amari ya sake. Yanzu takardar Hakimi bakin ƙofa kaɗai ta ke kai yaro. In ya shiga, sai ya tarar da mutum uku ko biyar a bayan tebur, kowa da tambayarsa. Wannan ganawa ita a ke kira intabiyu, kuma a nan ba mai yi masa magana sai bakinsa.

Abin bai kamata a yi sakaci da shi ba. A 2023 Gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki malaman makaranta fiye da 7,000, kuma a watan Oktoba na wannan shekara ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma fiye da 1,400, cikinsu har da 'ya'yan Batsari da Safana, waɗanda ke maƙwabtaka da Dajin Rugu. Duk gurbin da ɗan Babban Duhu ya rasa saboda rawar baki, wani ne zai shige shi, garin kuwa ya yi asarar malami ko ma'aikacin lafiya wanda ya san hanya, ya san mutane, ba zai gudu ba.

Ladabi da kunya

Mun horar da 'ya'yanmu su durƙusa, su sunkuyar da kai, su taƙaita magana a gaban manya. Wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma masu tambaya ba su san yaron ba, in ya yi shiru sai su ɗauka bai sani ba. A koya masa ya yi sallama, ya jira a ba shi izinin zama, ya ɗaga kai, ya ɗaga murya daidai yadda na ƙarshen tebur zai ji. 'Yan mata sun fi bukatar wannan gargaɗi, gama kunyarsu ta fi yawa.

Tambayoyin da a kan yi

Ta fari: "Gaya mana ko kai wane ne." Ba asalin kakanni a ke nema ba. Ya faɗi sunansa, da garinsa, da makarantun da ya yi tare da shekarunsu, da aikin da ya taɓa yi, sa'an nan ya tsaya.

Ta biyu: "Me ya sa ka ke son wannan aiki?" Da yawa sukan ce, "Don in sami abin yi." Gaskiya ne, amma kowa ma haka zai ce. Wanda ya yi Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma, ya fi kyau ya ce ya ga ajin da ba malami a ƙauyensu, ya kuma ambaci darasin da ya iya koyarwa.

Ta uku: "Me ka taɓa yi?" Kada yaro ya raina noma, ko kiwo, ko tsaron kanti, ko koyar da ƙannensa a makarantar Islamiyya. Wanda ya riƙe lissafin kuɗin ƙungiyar samari shekara 2 ba a rasa ko kwabo ba, ya faɗa, domin amana ce a ke nema.

Ta huɗu: "Za ka zauna duk inda aka tura ka?" Ya yi shawara da iyayensa tun a gida. Wanda ya ce i a gaban tebur, daga baya ya dawo yana roƙon Hakimi a sake masa wuri, ya zubar da mutuncin wanda ya shaide shi.

Ta biyar: tambayoyi a kan ƙasarsa. Ya san an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34. Ya san Hakimin Safana shi ne Yariman Katsina, na Batsari kuwa Sarkin Ruma. Abin kunya ne yaro ya san labarin ƙwallon Ingila, ya kasa faɗin sunan mazaɓarsa.

In an yi tambayar da bai san amsarta ba, ya ce bai sani ba, amma zai koya. Kada ya ƙaga, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.

Aikin malaman Hakimai

Kafin a sa hannu a takardar shaida, malami ya jera takardun yaro a gabansa: ta haihuwa, ta firamare, ta sakandare, ta asalin ƙaramar hukuma, da katin ɗan ƙasa. Ya duba ko suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. In wata ta ce Abubakar, wata ta ce Garba, ko shekaru suka saɓa, a gyara ta hanyar rantsuwar kotu tun da wuri. A kan wannan kaɗai a kan sallami mutum tun bai buɗe baki ba.

Bayan haka, duk lokacin da aka yi sanarwar ɗaukar aiki, a tara masu nema a zauren Hakimi ko na Dagaci. Malami da shugaban makaranta da wani tsohon ma'aikaci su zauna a matsayin masu tambaya, yaran su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su da Hausa, a sake da Turanci. Amma kada a rubuta musu amsa su haddace, domin in aka juya tambayar kaɗan sai su ruɗe. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A kuma ja kunnen iyaye kada su sayar da gona ko sa don ba wani mai cewa zai saya wa ɗansu aiki. Wanda aka zo masa da irin wannan magana ya sanar da Dagaci.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda a gaban Dagatai da masu unguwanni, a kuma fara gwajin tun sanarwa ba ta fito ba, gama tun ran gini ran zane. Allah ya sa mu dace, amin.