Labarin Farashi Amana Ne Tsakanin 'Yan Hatsi

 

Sanda munka taso muna bin iyayenmu kasuwa, farashin gero na Gusau ko Sakkwato daga bakin direba ake jin shi, ko ɗan kamasho a tasha. Kafin labari ya iso ya kwana biyu. Da anka kawo wayar hannu a 2001 abin ya sauya. Yau mutum yana zaune rumfarsa ran Talata ya san yadda Dawanau ta Kano ta kwana. Masu bincike sun duba kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, sunka iske waya ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Ba mu san darajar wanga abu ba sai watan Satumba 2021, da anka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, anka tsayar da kasuwannin mako. Ni kaina lokacin na saki masarar da na aje ga wani baƙo, bisa farashin da na sani tun kafin rufewa. Sai daga baya na ji ta riga ta hau. Shi ya sani, ni ban sani ba. Abin da ya raba mu ke nan.

Don irin haka shari'a ta hana tare masu kaya a hanya a saye kafin su ji farashin kasuwa, ta hana kuma taya kaya na ƙarya don a ruɗi mai saye.

To, mai aika farashi a WhatsApp ya kiyaye abu huɗu. Ya faɗi kasuwa da rana, don farashin jiya tuwon jiya ne. Ya faɗi awo: tiya ce ko buhu, buhun kuma tiya nawa, 40 ko ƙasa. Ya faɗi sabon hatsi ne ko tsoho, shinkafar Bakalori shanshera ce ko gyararra. Ya bambanta kuɗin da anka taya da kuɗin da anka sallama.

Mai karɓa kuma ya cire kuɗin mota da lebura da la'ada da abin da ake biya a hanya, kafin ya ce akwai riba. Kuma kar ya ɗora kaya bisa bakin mutum guda, don mai sito cike shi ka fara cewa kaya za su yi tsada.

Wanda ya ɓoye labari yau, gobe shi za a ɓoye ma. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.