Ko Ka San Yadda Ake Gane Filatinam na Gaske?

A ƙarni na 18, masu wankin zinariya a Kolombiya sun ɗauki filatinam tamkar tsakuwa a cikin shinkafa, sai dai 'yan damfara da ke algus ɗin zinariya da shi. Yau reshe ya juye da mujiya, shi ake yi wa jabu.

Wannan ya shafi duk mai raba sinadaran ruwa ta hanyar lantarki a gida. Na'urar ba wuya: sanduna biyu a cikin ruwa, a jona su da batir, haidurojin ya fito ta ɗaya, oksijin ta ɗayar. Sandar da ke fitar da oksijin ita ke shan wahala. Tagulla narkewa take yi ta gurɓata ruwan, gawayin batir ya riƙa marmashewa. Filatinam kuwa ko gezau, sai dai yana da tsada.

Ido ba ya raba gardama a nan, don farin ƙarfe duk kama ɗaya yake. Maganaɗisu ma rabin shaida ne: in ya kama sandar da ƙarfi, ba tsantsa ba ce, amma titaniyam ma ba ya kamuwa. Wasu kan ɗiga haidurojin feroksaid, ruwan wanke ciwo na kemis, su ga kumfa ta taso su yi murna. Azurfa ma tana tayar da kumfar, haka sandar da aka yi wa shafen filatinam siriri.

A ganina sikeli ne alƙali. Auna sandar, sannan ka ɗora kofin ruwa a kan sikelin, ka rataya ta da zare ta nutse ba tare da taɓa ƙasan kofin ba. Giram nawa sikelin ya ƙaru? Raba nauyin sandar da wannan adadi. Filatinam zai ba ka kusan 21.4, titaniyam 4.5. Tungistin yana matsowa kusa, yana ba da 19.3, amma wuta na tona masa asiri: a gasa shi ya yi ja, sai ya dafe, filatinam kuma ya huce fes, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768. Siririyar waya dai sai da sikelin maƙeran zinariya.

Titaniyam mai shafen filatinam ba abin yarwa ba ne, masana'antu ma da shi suke aiki. Kada dai a sayar maka da shi a farashin tsantsa.