Robar da Ke Tsintar Magani a Cikin Ganye

Tunda damina ta kankama, kusan kullum sai an ga gurbi a benci, a ce wane yana gida zazzaɓi ya kwantar da shi. Shi ya sa wannan makon muka ɗauko batun maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ƙwayoyin da ake ba mu a asibiti, waɗanda ake kira ACT, tushensu ganye ne, wani ɗan'uwan tazargade da ke fitowa a ƙasar Sin. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta ne suka fitar da sinadarin atemisinin daga cikinsa a 1972. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

To me zai hana mu tafasa ganyen mu sha kawai? Mu ma mun yi wa malaminmu na kimiyya wannan tambayar. Ya ce ganye ɗaya yana ɗauke da sinadarai masu ɗimbin yawa, kuma atemisinin ɗin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na busasshen ganye ba, wani lokaci ma bai kai ba. Wanda ya sha jiƙo bai san ko nawa ya sha ba. Idan maganin ya yi kaɗan, ƙwayar cutar ba za ta mutu duka ba, kuma tana iya sabawa da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan shayin ganyen a madadin magani.

Ke nan dole a ware sinadarin shi kaɗai. Mun saba tsince tsakuwa a shinkafa, amma nan shinkafar ce 'yar kaɗan a cikin buhun tsakuwa, kuma ido ba ya ganinta.

Ɗaya daga cikin dabarun da masana ke gwadawa ita ce wata irin roba da ake kira folima mai tambari. Ana ɗaukar sinadarin da ake so a zuba shi cikin ruwan haɗin roba tun bai daskare ba. Ƙananan ƙwayoyin robar sai su kewaye shi su manne a jikinsa. Idan ta daskare sai a wanke sinadarin a fitar, a bar ƙananan ramuka masu siffarsa sak. Daga nan a niƙa robar a cika wani bututu da ita, a tsiyaya ruwan ganyen ta ciki. Sinadarin da ya dace da ramin zai faɗa ya maƙale, sauran su wuce. A ƙarshe a wanko shi, robar kuma a sake aiki da ita. Wani masani Bajamushe, Günter Wulff, yana cikin waɗanda suka fara wannan aikin, shi ma a 1972. Mun yi mamakin yadda shekarar ta zo ɗaya.

Mun gwada abin da sabulu mai laushi. Muka danna mukullin ajinmu a jiki muka zare, muka bi da wasu mukullai biyar. Huɗu sun ƙi zama. Na biyar, na akwatin wata 'yar ƙungiyarmu, ya kusa shiga daidai, har muka fara musu. Malam ya yi dariya ya ce ita ma robar haka take ruɗewa: sinadarin da ya yi kama da wanda ake nema yakan shige ramin. Wani lokaci kuma wankin farko ba ya fitar da komai tas. Saboda irin waɗannan matsalolin, yawancin aikin har yanzu a ɗakunan bincike ake yinsa.

Sabulun da mukullan suna kan teburin ƙungiya. Mai son gwadawa ya zo lokacin tara, amma kada ya danna da ƙarfi, ya riga ya tsage ta gefe ɗaya.