Alheri Da Bangaskiya: Koyarwar Kirista Game Da Ceto

Daga Wakilinmu

Ko da yake galibin mutanen ƙasar Haɗejiya Musulmi ne, akwai Kiristoci da ke zaune tare da su a ofis da makaranta da kasuwa. Tun zamanin Turawa ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe tasha a Garun Gabas, kuma daga aikin wannan ƙungiya ne ikilisiyar ECWA ta fito a shekarar 1954. Ya kyautu ma'aikaci ko ɗalibi ya san abin da maƙwabcinsa ya gaskata, domin jahiltar juna ita ce uwar husuma.

Ginshiƙin koyarwar shi ne cewa mutum ba ya sayen ceto da aikinsa. A babi na 2 na wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa an bayyana cewa ceto kyauta ne daga Allah, ana karɓarsa ta wurin bangaskiya, don kada kowa ya yi fahariya. Malamai da yawa sun ƙara da cewa ita kanta bangaskiyar baiwa ce.

Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, sun kira wannan kyauta "alheri". To, a nan sai an lura. Bahaushe yana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, watau mai yinsa yana sa ran sakayya. Amma alherin da Kirista ke nufi shi ne wanda aka yi wa marar cancanta, wanda ba shi da abin ramawa.

Manomin fadama zai fahimci wannan da sauri. Ruwan da ke malala a fadamun Haɗejiya daga nesa yake zuwa, babu wanda ya ƙirƙire shi da fartanyarsa. Duk da haka wanda ruwa ya iske bai shuka shinkafa ba, ba shi da abin yanka. Haka wasiƙar Yakubu ta nuna cewa bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba matacciya ce.

An daɗe ana muhawara kan wannan batu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Pelagiyus, mai cewa mutum yana iya yin biyayya da ƙoƙarinsa, har taron Kartaj ya ƙi ra'ayin Pelagiyus a 418. Batun ya sake tasowa da Martin Luther a Jamus daga 1517, ya raba ikilisiyar Turai. Sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu kan sanarwa guda a Augsburg, cewa ta wurin alheri kaɗai ake karɓar mutum, kyawawan ayyuka kuwa 'ya'yansa ne.

Saboda haka, a bisa wannan koyarwa, Kiristan da ya raina wani don yana ganin ya fi shi tsarki ya saɓa wa addininsa, tun da babu abin da yake riƙe da shi wanda ba ba shi aka yi ba.