Arbarakam: abin da mai mota ya kamata ya sani kafin a buɗe masa inji

 Yau za mu yi bayani kan wani ƙarfe da ke cinye kuɗin masu motocin kasuwa. Makanikanmu na ce masa arbarakam, a Najeriya kuma kamshaf.

Doguwar sanda ce ta ƙarfe mai tozaye. In tana juyawa, kowane tozo sai ya danna supap ya buɗe, iska ta shiga ko hayaƙi ya fita. In bilbirkan ya juya sau 2, ita sau 1 take juyawa, kuma kurwa ko sarƙa ce ke haɗa su. A yawancin Hiace, Hilux da Corolla tana sama, a kan kulas. A tsohuwar Peugeot 504 mai shan isansi kuwa cikin jikin inji take, shi ya sa cire ta ya fi wuya.

In ta cinye, za ku ji ƙas-ƙas daga saman inji, mota ta rasa ƙarfi, tana karkarwa a tsaye.

To, yaya ake cire ta? Makanike zai fara cire batir da murfin sama, sannan ya juya inji har alamomin da kamfani ya yi su zo daidai. Daga nan ya sassauta kurwar. Ƙarafan da ke danne sandar ana kwance su kaɗan-kaɗan, bi da bi, don in aka saki gefe guda sandar na iya karyewa. Kowane yana da lamba, kuma inda ya fito nan zai koma.

Bayan an wanke ta, a dubi tozayen da mazauninta: akwai karce, ƴan ramuka, ko shuɗin ƙuna? Ido kaɗai bai isa ba, sai an auna tsayin kowane tozo. A duba kuma abin da tozon ke gogawa. In shi ma ya cinye aka bar shi, zai lalata sabuwar.

Wajen mayarwa, a shafa mata mai sosai, a ɗaure da kile mai awo, a daidaita alamomi. Kafin a tada mota, a juya inji da hannu sau 2. In an kauce sosai, a injuna da yawa piston zai daki supap, aikin yini guda ya koma sake inji.

Ga inda muke so ku kasa kunne. Galibi arbarakam ba ta mutuwa haka kawai, rashin mai ko mai datti ne ke kashe ta. Ƙurar hanyoyinmu, jinkirin bidanj da mai na jabu su ke toshe ƙananan hanyoyin da ke kai mai sama. In ba a wanke su ba, aka ƙi sake mai da filtir, sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Saboda haka ku tambayi makanike: me ya kashe ta? Ku ce ya nuna muku tsohuwar.

Ku kuma ƴan'uwa da ke aiko da kayan gyara daga Kotonu, Legas ko Turai, ku nemi a turo muku lambar inji da hoton tsohuwar ta WhatsApp kafin ku saya. Sunan mota kaɗai bai isa ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin nema.