Malamin Da Ya Gano Sirrin Faɗuwar Gaba

Akwai wani ciwo da kan kama mutum ba zato, ko a kasuwa ko a cikin mota. Gabansa ya yi ta faɗuwa, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto masa, har ya tabbata ajali ne ya zo. In an kai shi asibiti a auna zuciya, a ce ƙalau take. Da yawa daga cikinmu mazauna Ikko da Badun kan kwashi ɗan abin da suka tara su koma gida neman magani, wai an yi masu jifa ne.

Wannan ciwo shi ne Shehun Malami David Clark na Jami'ar Oksfod a Ingila ya daɗe yana bincike a kai. Masanin halayyar ɗan Adam ne mai duba marasa lafiya. Ya bi sawun Dokta Aaron Beck na Amurka, wanda tun wajen 1960 ya nuna cewa yadda mutum ya fassara abu shi ke jawo masa baƙin ciki ko tsoro.

A cikin 1986 Clark ya bayyana yadda abin yake. Zuciya kan ɗan buga saboda gajiya, ko hawan bene, ko damuwa. Mutum ya ce a ransa ciwon zuciya ne. Wannan tunani ya tsorata shi, tsoro kuwa ya ƙara wa zuciyar gudu, shi kuma ya ɗauki gudun a matsayin shaida. Nan da nan abu ya gagara.

Maganin ba allura ba ne. Bayan likita ya tabbatar zuciya lafiya take, akan sa majinyaci ya yi ta numfashi da sauri da gangan, har jiri da bugun zuciya su taso, kana ya ga da idonsa sun lafa bai mutu ba. Haka ake yi mako-mako har fassarar ta sake.

Clark ya ga masu wannan sani sun yi kaɗan. Shi da wani masanin tattalin arziki, Richard Layard, suka shawo kan Gwamnatin Ingila, aka buɗe shirin horar da dubban ma'aikata a 2008. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke zuwa neman wannan magani kowace shekara, kuma kyauta ne.