Ƙiba da sankarar mama: abin da ya kamata ku sani

A wurinmu, idan mace ta yi jiki sai a ce hutu ya karɓe ta, maigida yana kula da ita. Likitoci kuwa sun san kitse ba kwanciya kawai yake yi a ƙarƙashin fata ba. Aiki yake yi dare da rana, yana haɗa sinadaran homon yana zuba su cikin jini.

Babba a cikinsu shi ne istrojin. Muddin mace tana al'ada, ma'ajiyar ƙwanta ce ke samar da mafi yawansa. Da zarar al'ada ta ɗauke, galibi wajen shekara 50, sai kitse ya gaji aikin, ta hanyar wani sinadari mai suna aromatas. Iya yawan kitsen, iya yawan istrojin ɗin, kuma akwai nau'in sankarar mama mai yawan gaske da wannan homon ne ke sa ta girma. Shi ya sa magunguna irin su letrozole, da ake ba masu cutar waɗanda suka daina al'ada, aromatas ɗin suke toshewa.

Ban da haka, teɓa, musamman ta tumbi, tana ƙara insulin da leftin a jini, tana rage adifonektin, tana kuma haddasa kumburin da ido ba ya gani. Duk waɗannan suna ba gurɓatattun ƙwayoyin jiki damar yaɗuwa. A 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon, Faransa, ta danganta yawan kitse da kansa iri 13, har da ta mama bayan ɗaukewar al'ada.

Abin mamaki, kafin ɗaukewar al'ada masu ƙiba sun ɗan fi sirara ƙarancin kamuwa. Kada wannan ya ruɗi kowa. Nauyin da mace ta tara daga ƙuruciya zuwa manyanta yana cikin abin da ke ɗaga haɗarin daga baya, don haka masu shan maganin ƙara ƙiba na "sha ka fashe" su yi hattara.

Motsa jiki na minti 150 a mako yana rage haɗarin, haka ma daɗewa ana shayarwa. Amma siririya ma tana kamuwa. Duk wadda ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga jini daga kan nono, ta garzaya asibiti ba tare da jiran ya fara ciwo ba.